Ɗan Raihana

Maganar ƙarshe da Malam Mika'ilu ya yi wa matarsa Batulu ba ta gida ba ce, ba kuma ta 'ya'ya ba. Ranar Talata da hantsi, a gadon asibiti, ya kama bakin mayafinta ya ce, "Ɗan Raihana na Dogara ne. Na yi masa alkawari. Ɗan za ki ba shi, ba ganyen ba."

Yayarsa Halimatussa'adiya, wadda kowa ke kira Yaya Sa'a, tana zaune a ɗaya gefen gadon. Ta girgiza kai ta ce zafin ciwo ne, don kaf danginsu babu wata Raihana, balle a yi zancen ɗanta. Batulu kuwa ta san ba zafin ciwo ba ne. Ita ta san Raihana. Shukar fure ce, ɗaya daga cikin arba'in da ukun da ke jere a tsohon soron gidansu a Kusfa. Abin da ba ta sani ba shi ne wacce ce a cikinsu.

Kafin la'asar ya cika.

Malam Mika'ilu ya yi shekara talatin da biyu yana aiki a ɗakin renon tsirrai na wata cibiyar binciken noma a Samaru. A can ya haɗu da Dogara, mutumin Wusasa, a can kuma su biyun suka kamu da son wani ɗan fure da suke kira bayolet. Shuka ce 'yar ƙarama, faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba, ganyenta mai kauri da gashi-gashi kamar karammiski, furen a tsakiya. Ba ta son rana, ba ta son zafi, ba ta son ruwa ya taɓa mata ganye. Saboda ita ya hana a rushe soron kakansa lokacin da 'yan'uwa suka so a mai da shi ginin bulo. Katangar ƙasa ce mai kaurin kamu biyu, ko a tsakiyar bazara cikinsa da sanyi. Ya faɗaɗa tagar gabas, ya rataya mata farin yadi shara-shara, ya kafa katakai hawa uku. A kowace tukunya ya soke ɗan yankin farar roba da ya yanko daga tsohuwar jarka, ya rubuta sunan shukar da ajami, don da shi hannunsa ya fi sauri.

Shekara talatin da huɗu suna tare, Batulu ba ta taɓa ba shukokin ruwa ba. Ba ƙiyayya ba ce. Shi bai ce ta yi ba, ita kuma tana da ɗinkin hularta. Ran Juma'a takan share ƙasan soron, ta ji shi yana kiran sunayensu ƙasa-ƙasa, ta kwashe shararta ta fita.

Ƙarshen watan Maris aka yi rasuwar, ana tsakiyar zafi. Gida ya cika da 'yan ta'aziyya. Batulu tana ɗakinta a kan tabarma, duk wadda ta ce mata "Ya haƙuri?" ta ce "Da godiya." Ta faɗi haka sau ɗari ko fiye, muryarta ba ta canja ba. Mata suka riƙa cewa Batulu akwai tawakkali. Ita ta san ba tawakkali ba ne. Ta duba cikin ranta ne ba ta tarar da komai ba, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Sai bayan sadakar uku, da mutane suka ragu, ta fito za ta ɗebi ruwa. A jikin katangar rijiya ta ga shukokin, dukkansu, a jere a ƙasa, rana tana dukansu. Furannin sun ƙone sun koma kamar guntayen takarda. Ganyayen sun yi laushi sun kwanta a bakin tukwane, wasu da tabo rawaya, wasu sun yi baƙi. Ta tsaya da guga a hannu tana kallo. Sannan ta lura babu ko farar roba ɗaya.

"Yaya," ta ce, "wa ya fito da furannin Malam?"

Yaya Sa'a, wadda ta tare a gidan don taya ta zaman takaba, tana tsintar shinkafa a bakin madafi. "Ni na sa. Tsofaffi sun rasa wurin zama, ga ɗaki mai sanyi an cika shi da ciyawa. Kuma fure ai rana yake so. Kar ki damu, ba a bar su da ƙishi ba. Duk wadda ta sha ruwan randa ta rage sai ta watsa musu."

"Robobin da ke ciki fa?"

"Wannan kam ki gode mini." Ta ajiye faifai ta tashi, ta miƙa hannu saman ƙofar soro, inda ake cusa yagaggun takardun karatu don kada a taka. Ta zaro ɗauri guda, an wanke shi tas an ɗaure da zare. "Baƙaƙen Alƙur'ani a soke cikin kashin shanu! Ɗan gidan malamai guda. Allah Ya yafe wa Mika'ilu, boko ya shiga kansa da yawa."

Batulu ta karɓi ɗaurin ta kwance. Ta karanta su ɗaya bayan ɗaya da karatun allonta. Ga Shuni, ga Amarya, ga 'Yar Jos, ga Mai Lalle. Ta goma sha bakwai ce Raihana. Ta dubi robar, ta dubi tukwane arba'in da uku. Ba ta ji haushi ba. Ta mayar da zaren ta ɗaure, ta fara kwasar tukwanen bibbiyu tana mayarwa soro.

Da yamma 'yarta Huseina, wadda ke aure a Gyallesu, ta zo da tuwo. Batulu ta ce ta kira mata Malam Dogara.

"Mai takaba da hira da namiji?" in ji Yaya Sa'a. "Kwana huɗu kacal?"

"Ni zan yi magana da shi, Gwaggo," Huseina ta ce. "Umma saurare kawai za ta yi. Kunne ai ba ya takaba."

"Bakinki dai, 'yar nan. Na uban naki ne sak."

Huseina ta buɗe muryar wayar ta ajiye a kan katako. Dogara ya yi kwana uku yana zaune a zaure cikin maza, amma bai san abin da ya faru a cikin gida ba. Huseina ta ba shi labari tun daga farko.

"Kwana uku a rana," ya ce. "Da ruwan randa a ka. Da mutumina yana nan da yau mun kwana gaban alƙali." Ya yi 'yar dariya, ta sarƙe masa, ya yi tari. "Ba komai. Ba da mugunta aka yi ba."

"Baba Dogara, Umma na tambaya, ta yaya za a gane Raihana?"

"Da ganye ba za a gane ba, 'yata. Rabinsu ganyensu iri ɗaya ne. Sai ta yi fure. Fari ne, kunne biyar, kowane kunne da zane shunayya a tsakiya, daga ciki har baki. In dai tana cikin masu rai."

Ya ba su tarihinta a taƙaice. Shekara ashirin da suka wuce, a cikin shukokinsa, wata mai fure shunayya zalla ta fitar da ɗa a gefe, ɗan ya girma ya yi fure mai zane. Marigayiya matarsa ce ta fara gani, tana shanya. Ya raba wa Mika'ilu, Mika'ilun ne ya sa mata suna Raihana. Ta wurin Dogara ta mutu bara, lokacin da aka kwantar da shi wata biyu saboda ƙafa. A iya saninsa, ta soron nan ce kaɗai ta rage.

Batulu ta matso kusa da wayar. Ba ta dubi Yaya Sa'a ba. "Malam Dogara, ya ce ɗa, ba ganye ba. Mene ne bambancin?"

"Hajiya, sannu da haƙuri. Sauran duka, ki tsinki ganye ki soke a ƙasa, zai ba ki 'ya'ya irin uwarsu. Ban da ita. Ganyenta mantuwa gare shi. In kin shuka shi, shunayya zalla zai ba ki, babu zanen. Sai ɗan da ya tsiro daga jikin karan, a hammatar ganye. Shi ne yake riƙe kamannin."

Sannan ya koya mata aikin, a hankali, yana maimaitawa, Huseina tana rubutawa a bayan katin gayyatar wani biki. Kada a zuba ruwa ta sama. A zuba a faranti, a ɗora tukunyar ta sha ta ƙasa, bayan ɗan lokaci a zubar da ragowar. Kada a yi amfani da ruwan randa, sanyinsa ne ke yi wa ganye tabo, a bar ruwa ya kwana a bokiti. Kafin a ba da ruwa a taɓa ƙasar da yatsa, in da danshi a ƙyale. A cire duk ganyen da ya ruɓe tun daga gindi. Kowace Juma'a a ɗan juya tukunya don kowane gefe ya sami haske.

Haka ta yi. Takaba wata huɗu ce da kwana goma, ba fita, ba kwalliya, ba inda za ta. Ta idar da sallar asuba ta yi lazimi, in gari ya waye ta shiga soro. Takan fara daga katakon sama, hagu zuwa dama, yatsa a ƙasa, faranti, jira, zubarwa. Kafin ta gama hantsi ya yi. Ta ci abin da aka ba ta. Ta ɗauki hula ta yi ɗinki har azahar. Abinci ba shi da ɗanɗano, amma ba ta ƙi shi ba. Rigunan Malam suna rataye a ƙusa, takan wuce su kamar na baƙo. Wani lokaci takan tsaya a tsakiyar soron ta jira ko wani abu zai taso mata. Sai ta ji kukan kurciya a kan katanga, da sallamar mai kayan miya a lungu, shi ke nan.

A makon farko shida suka mutu. Cibiyarsu ta yi baƙi ta narke, in ta taɓa sai duk shukar ta biyo hannunta. Kowacce ta mutu takan riƙe ta ta duba, ko da yake ta san dubawar ba za ta gaya mata komai ba. Ta juye ƙasar a bayan madafi, ta wanke tukunyar ta kife. Zuwa ƙarshen Afrilu kifaffun sun kai goma sha huɗu. Daga nan mutuwar ta tsaya. Ashirin da tara suka rage, yawancinsu da ganye biyar ko shida, kamar kajin da aka fige.

Yaya Sa'a ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba. Amma ta daina kiran su ciyawa. Takan zo bakin ƙofa da carbinta ta tsaya.

"Waccan mai kunnen jakin ta yi sabon ganye."

"Na gani, Yaya."

"Ni dai faɗa na yi. Kar ki ce ina leƙen miki 'ya'ya."

Wata rana Batulu ta tarar an riga an cika bokitin ruwan kwana an rufe shi da faifai. Ba ta tambaya ba.

Ruwan farko ya sauka tsakiyar Mayu, gari ya yi sanyi. Bayan mako uku shukokin suka fara fitar da 'yan kawuna a ƙarƙashin ganye. Ta farko ta buɗe shunayya zalla. Ta biyu ruwan hoda. Ta uku fara ce, Batulu ta kai ta bakin taga ta juya ta ko'ina, babu zane. Kowace safiya sai ta sami ɗaya ko biyu sun buɗe, ta duba, ta mayar. Waɗanda suka nuna kansu ta kai su katakon sama, waɗanda ba su nuna ba ta bar su a ƙasa. Na ƙasan suka ragu zuwa tara, zuwa biyar, zuwa uku. Ta fara shirya yadda za ta gaya wa Dogara cewa Raihana tana cikin goma sha huɗun da suka mutu, ta ga ko wannan bai motsa mata rai ba.

Wata Laraba tana wanke-wanke sai ta ji Yaya Sa'a daga soro.

"Batulu! Zo ki ga wata ta yi tsage kamar 'yar Barebari."

Ta ɗauraye hannu ta shiga. A can ƙurya, cikin gwangwanin madara mai tsatsa, wata 'yar shuka ce mai ganye bakwai, wadda sau biyu Batulu tana niyyar juye ta a bayan madafi. Fure ɗaya ya buɗe, biyu suna hanya. Fari ne, kowane kunne da zanensa shunayya, a miƙe kamar an ja da alƙalami.

"Ita ce?" in ji Yaya Sa'a.

"Ita ce."

"To alhamdulillahi. Duk wannan wahala a kan abin da bai kai murfin kwalba ba." Yaya Sa'a ta goge ido da bakin zane. "Hayaƙin madafin nan zai kashe ni."

Batulu ta ɗaga ganyayen ɗaya bayan ɗaya da bayan allura, tana duba hammatarsu. Babu ɗa. A gefe ɗaya akwai ɗan tabo busasshe a jikin karan. Ta tuna. A makon farko ta cire wani ɗan ƙullutu da ya ƙone a wurin, ta jefar tare da ruɓaɓɓun ganye.

Wannan karon da kanta ta kira Dogara, da wayar Malam. Ta gaya masa duka, har da abin da ta cire.

"Shi ne wanda yake reno mini," Dogara ya ce. "Ya ce mini bayan Sallah zai isa cirewa. Rana ce ta kashe shi, Hajiya, ba ke ba. Gawa kika cire."

"Za ta sake yin wani?"

"Wataƙila. Wata takan shekara biyu ba ta yi ba. Akwai hanyar tilasta mata, amma ba zan ce ki yi ba."

"Faɗa mini."

Ya faɗa. A cire furannin duka. A sa reza a ƙwaƙule cibiyar, wato 'yan ƙananan ganyen tsakiya inda take girma. In ta rasa hanyar yin sama, sai ta fitar da 'ya'ya ta gefe. Da babba ce mai ƙarfi, da sai a yanke kan gaba ɗaya a dasa shi daban, a sami biyu. Amma mai ganye bakwai ba ta da kan da za a yanka. Kuma damina ce, ciwo a jikin shuka yana saurin ruɓa. Tana iya ba da 'ya'ya, tana iya mutuwa ba ta ba da komai ba.

"Ki bar ta, Hajiya. Ta sha wuya. Ni na yafe alkawarin, har ga Allah."

"Ba ni na yi alkawarin ba, Malam Dogara. Ba ni zan karɓi yafiyar ba."

Yaya Sa'a, da ke jin komai daga bakin ƙofa, ta ce, "Ke, ki ba shi gwangwanin gaba ɗaya mana, kowa ya huta."

"A gaishe da Yaya," in ji Dogara. "Ba zan raba ta da ɗakin nan ba. Abin da mutumina yake so shi ne ta kasance a gida biyu, in ta ɗaya ta tafi, ta ɗaya na nan."

"Cewa ya yi a ba shi ɗan," Batulu ta ce.

Ta bar furen ya yi kwana uku, har sauran biyun suka buɗe, Huseina ta zo ta ɗauke su hoto. Ran na huɗu da hantsi ta aika aka sayo sabuwar reza. Ta daka gawayi ya yi laushi ta tankaɗe. Ta shimfiɗa tabarma a bakin taga, ta sa tabaranta na ɗinki, ta ɗora gwangwanin a kan kujerar tsugunno. Ta fara tsinke sandunan furen, ta ajiye a gefe. Sannan ta buɗa ganyayen da yatsu biyu. Cibiyar ba ta fi ƙwayar gero uku ba, kore mai haske, da gashi kamar na jariri. Ta yi bisimilla. Hannun da ya shekara arba'in yana bin zare a kan hula ya san aikinsa. Sau biyu ta sa bakin rezar, abin ya fita. Ta barbaɗa garin gawayi a ramin, ta mayar da gwangwanin wurinsa.

Yaya Sa'a ta tsince furannin daga tabarma ta sa a kofin shayi da ɗan ruwa. Kwana biyu suka yi a kan talabijin kafin su yanƙwane.

Mako uku babu abin da ya faru. Ganyayen bakwai suka ƙara kauri da duhu, tsakiyar tana nan baƙa. A mako na huɗu ta ga ɗigo biyu kore, ɗaya ta gabas, ɗaya ta yamma. Ta gaya wa Dogara. Ya ce kada ta taɓa, sai kowanne ya yi ganye huɗu.

A farkon Agusta ta fita takaba. Mata suka zo, aka yi mata kitso da lalle, ta yi wanka ta sa sabon zane. Huseina ta raka ta gaishe-gaishe gidajen dangi. Lungunan suna nan yadda ta bar su, sai dai ruwa ya zaizaye gindin katangu, an kuma buɗe sabon shagon cajin waya kusa da masallaci. Kowa ya ce ta yi kyau, ta rame amma ta yi kyau. Ta ce ta gode. A gida na huɗu ta ce wa Huseina su koma, ba ta juya tukwane ba.

Makon nan aka yi kwana biyar ana ruwa ba rana. Katangar soron ta jiƙe har tana wari. Ran na shida ta ga ganye biyu na gefen yamma sun yi laushi. Ta taɓa, suka faɗo, tare da ɗan da ke wurin. Karan ya yi ruwa-ruwa, launin ƙasa, kuma abin yana tafiya.

"Na gabas ganye nawa?" Dogara ya tambaya.

"Uku. Na huɗun bai gama fitowa ba."

"Cire shi yau. Yanzu. Ki haɗo da ɗan naman uwar, inda yake da tsabta. In kin ga launin ƙasa a jikinsa ki sake yankewa."

Ta cire shi. Bai kai farcen babban yatsa ba, ba shi da saiwa ko ɗaya. Ta cika ƙaramin kofin roba da haɗin ƙasar Malam, wadda ke cikin buhu a bayan ƙofa, ruɓaɓɓen ganye da ɓuntun shinkafa da gawayi. Ta zaunar da shi a kai, ta tokare shi da tsinken tsintsiya biyu don kada ya faɗi, ta rufa masa farar leda ta ɗaure da zare. Uwar ta ƙara kwana shida. Ranar da ta narke, Batulu ta juye gwangwanin a bayan madafi kamar sauran, ta wanke ta kife.

Kullum takan kwance ledar ta girgiza raɓar da ta taru, ta mayar. Ba ta taɓa shi. Bayan wata guda ta ga ganye na biyar. Ta ɗan ja shi da bayan allura, ya ƙi motsi. Ya kama ƙasa.

Dogara ya zo wata Asabar da safe, ƙarshen Satumba. Keke mai ƙafa uku ba ya shiga lungunsu, don haka daga bakin titi ya tako da sandarsa, yana hutawa. Aka shimfiɗa masa darduma a zaure. Batulu ba ta taɓa zama da shi ba, muryarsa kawai ta sani, da gaisuwa daga nesa. Ya fi yadda take zato tsufa. Suka gaisa, ya sake yi mata ta'aziyya, ta kawo masa ruwa da goro. Sannan ta koma ciki ta fito da kofin a tafin hannu, ta durƙusa ta ajiye a gabansa.

Ya ciro tabarau ya sa. Ya ɗaga kofin saitin hasken ƙofa ya daɗe yana dubawa.

"Hajiya, wa ya koya miki yanka haka? Shekara talatin muna yi da mutumina, rabin nasa mutuwa suke."

"Kai ka koya mini."

"A'a. Ni baki kawai na sa." Ya ajiye kofin. "Uwar fa? Ta farfaɗo?"

"Ta tafi. Tun watan jiya."

Ya cire tabaran. "Ba ki gaya mini ba."

"Da na gaya maka, da ka ce in riƙe wannan."

"Yanzu ma haka zan ce. Ba a bar gidan Mika'ilu babu ita ba."

"Naka ne, Malam Dogara. A gabana ya faɗa, a gaban Yaya."

Daga bayan labulen ƙofar ciki Yaya Sa'a ta ce, "Ni shaida ce. Na zaci ma wata ya ajiye a waje da ɗa, na kwana uku ina jin haushinsa."

Dogara ya yi dariya har ya dafa ƙirji. Batulu ta yi murmushi, don ta ga lokacin murmushi ne.

"To," ya ce. "Na karɓa. In ya girma ya yi nasa ɗan, zan kawo miki. Shekara ɗaya da rabi, ko biyu, in muna da rai."

"To."

"Kuma ki sani, ba kullum ɗa ke riƙe zanen ba. Yawanci yana riƙewa. Sai ya yi fure za mu tabbatar."

"Yaushe ke nan?"

"Wata takwas, tara."

"In ya fito shunayya zalla fa?"

"To, mun dai yi abin da ya ce."

Ya ƙi tsayawa cin abinci, ya ce mai keke na jira. Ta kawo kwalin sabulu ta zaunar da kofin a ciki, ta cusa tsumma a gefe-gefe don kada ya girgiza. Ya rataya sandar a gwiwar hannu, ya riƙe kwalin da hannu biyu, ya fita yana ɗingishi, yana bin gefen katanga saboda taɓo. Ta tsaya a ƙofar zaure har ya sha kwanar masallaci. Ta ɗan ƙara tsayawa, tana sauraren kanta ko za ta ji an sauke mata wani abu. Wata mai tallan ƙuli ta wuce ta gaishe ta, ta amsa.

Ta naɗe dardumar, ta ɗauki kofin ruwan da ragowar goron ta shiga gida.

"Ya tafi da shi?" Yaya Sa'a ta tambaya.

"Ya tafi da shi."

"To, Allah Ya sa an sauke wa Mika'ilu nauyi."

"Amin."

"Me za a ɗora da rana? Akwai sauran kuɓewa."

"A yi ta," Batulu ta ce, ta zauna ta jawo turmi.